Kiranyen gwamna a Amurka: yana taɓa zaɓen shugaban ƙasa kuwa?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka yi ta maganar yi wa Sanata Natasha kiranye a Kogi a 2025 wata tambaya ke cina. A majalisarmu ta bayan la'asar wani dattijo ya ce a Amurka har gwamna talakawa ke yi wa kiranye, kuma wai duk jam'iyyar da ta yi nasara a irin wannan zaɓe, to ta riga ta sa ƙafa ɗaya a fadar shugaban ƙasa. Ni dai maganar ba ta gama shigata ba. Don Allah wanda ya zauna can ko ya bibiyi abin ya warware mini: da gaske rikicin jiha guda yana juya siyasar ƙasa baki ɗaya?

Baban Khadija, Madison:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan tambaya taka a ƙofar gidana ta faɗo, domin a kan idona aka yi na jihar Wiskonsin.

Scott Walker ɗan jam'iyyar Republican ya ci zaɓe a Nuwamban 2010, ya zama gwamna bayan ya kayar da Tom Barrett na Democrat, magajin garin Milwaukee. Bai yi wata biyu a kujera ba ya kawo dokar da ta karya ƙashin bayan ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan gwamnati. Malaman makaranta da sauransu ba su da sauran ikon zama a yi ciniki da su kan komai sai tsurar albashi, aka daina cire wa ƙungiya kuɗinta kai tsaye daga albashin ma'aikaci, kuma duk shekara sai ƙungiya ta sake neman amincewar 'ya'yanta da ƙuri'a. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana ne kawai aka tsame.

A Fabrairun 2011 ina tuƙa tasi da dare. Sanyin watan nan, in ka cire safar hannu minti biyar yatsunka sun daina ji, amma mutane dubbai suka cika majalisar jiha, suna kwana a ƙasa cikin barguna, ana ta kaɗa ganguna ƙarƙashin ƙubba. Sanatocin jiha 14 na Democrat suka tsallake zuwa Ilinoi don kada majalisa ta samu adadin da za ta zauna. Duk da haka doka ta wuce.

Maƙwabciyata malamar firamare ce, dattijuwa, ta kusa ritaya. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Janairu kusan kullum tana bakin titi da allon takarda a hannu tana tara sa hannun neman yi wa Walker kiranye, ta sa biro cikin aljihun rigar sanyi don kada tawada ta daskare. Ta ƙwanƙwasa mini ƙofa in sa hannu, na ce mata ban zama ɗan ƙasa ba tukuna, ba ni da wannan haƙƙi. Ta yi godiya, ta wuce gida na gaba. Doka ta ce a kawo sa hannu 540,208 cikin kwana 60, wato kashi 25 cikin 100 na ƙuri'un zaɓen gwamna da ya gabata. Wanda aka tantance ya haura 900,000.

Ranar 5 ga Yuni 2012 aka yi zaɓe, Barrett ɗin dai aka sake tsayarwa. Walker ya ci da kashi 53, Barrett 46. Walker ne gwamna na farko a tarihin Amurka da ya tsallake kiranye. Washegari na ga matar nan tana cire allon da ta kafa a gaban gidanta, ban iya ce mata komai ba sai sannu.

To a daren nan masu sharhi a talabijin sun yi ta faɗin abin da dattijonku ya faɗa, cewa Obama ya shiga uku a Wiskonsin. Bayan wata biyar Obama ya ci jihar da tazarar kusan kashi 7, alhali Paul Ryan, mataimakin abokin hamayyarsa Romney na Republican, ɗan jihar ne. A ranar kuma Tammy Baldwin ta Democrat ta ci kujerar sanata. Na ɗauki fasinjoji da dama da suka ce mini sun zaɓi Walker a Yuni ba don suna son dokarsa ba, sai don a ganinsu kiranye na wanda ya yi laifi ne, ba na wanda aka saɓa da shi kan manufa ba. Irin waɗannan ne suka koma wa Obama a Nuwamba.

Amma kada ka ɗauka abin ya tafi a banza. Tasirinsa a hankali ya zo, ta bayan gida. Sauran gwamnonin Republican sun ga an taɓa ƙungiyoyin ƙwadago kuma an kwana lafiya. A Disamban 2012 Mishigan, cibiyar ma'aikatan ƙera motoci, ta yi dokar da ta hana tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiya, Wiskonsin ta bi sahu a 2015. Yawan ma'aikatan jiharmu da ke cikin ƙungiya ya sauko daga kusan kashi 14 zuwa kusan 8 cikin 'yan shekaru. Su kuwa ƙungiyoyin nan su ne ƙafafun Democrat: su ke bi gida-gida, su ke buga waya, su ke kwasar tsofaffi zuwa rumfar zaɓe. A 2016 Trump ya ci Wiskonsin da ƙuri'a kusan 23,000 kacal. Ba zan ce wannan kaɗai ne dalili ba, Hillary Clinton ma ba ta taka jihar ba a yaƙin babban zaɓe. Ni dai abin da na gani shi ne, masu ƙwanƙwasa ƙofa a unguwarmu a shekarar ba su kai na 2012 ba.

Hajiya Mai Shari'a:

Malam Baban Khadija, Allah ya saka da alheri. Ɗana mai tambaya, ka lura da abu guda: tsarin mulkinmu na 1999 bai ba talaka ikon yi wa gwamna kiranye ba sam. Sashe na 69 na 'yan majalisar tarayya ne, na 110 na 'yan majalisar jiha. Sharaɗin ma mai nauyi ne, sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu. Shi ya sa na Dino Melaye ya rushe a 2018, da aka zo tantancewa kashi 5 da 'yan kai aka samu, na Natasha kuwa hukumar zaɓe ta ce bai kai rabin ba. Gwamna a nan sai dai majalisa ta tsige shi ƙarƙashin sashe na 188. Mu 'yan Kaduna mun san zafin wannan hanya tun a tsohon tsarin mulki: a Yunin 1981 'yan NPN masu rinjaye suka tsige Balarabe Musa na PRP, bayan sun hana shi naɗa kwamishinoni, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka zaɓe shi ba. A can Amurka ma ba kowace jiha ke da kiranyen gwamna ba, ba su kai rabi ba.

Abu Sadik:

Yaya Baban Khadija, a gafarce ni, ina ganin ka rage wa abin nauyi ta fuskar shi gwamnan kansa. A Kaliforniya a 2003 an cire gwamna Gray Davis na Democrat ta hanyar kiranye, Arnold Schwarzenegger na Republican ya hau daga cikin 'yan takara 135, kuma gaskiya ne jihar ba ta zaɓi Bush, ɗan jam'iyyarsa, ba a zaɓen shugaban ƙasa na 2004. Amma dubi Gavin Newsom na Democrat, wanda shi ma aka nemi yi masa kiranye yana gwamnan jihar. A Satumban 2021 kusan kashi 62 suka ce a bar shi, Biden da kansa ya je masa yaƙi ana gobe zaɓe. Masu son kayar da shi su suka ɗaga shi, tun daga nan ake lissafa shi cikin masu iya neman shugabanci.

Baban Khadija, Madison:

Ba ka yi ƙarya ba Abu Sadik, kiranye na sa ƙasa ta san sunan mutum, masu kuɗi daga wasu jihohi su buɗe masa aljihu. Walker ma haka ya samu, har a farkon 2015 yana sahun gaba cikin masu neman tikitin shugaban ƙasa na Republican a Iowa, jihar da za a fara zaɓen fidda gwani a cikinta. Sai dai a Satumban shekarar ya janye, tun ba a jefa ƙuri'ar fidda gwani ko ɗaya ba. A 2018 kuma Tony Evers, shugaban ilimi na jihar, tsohon malamin makaranta, ya kayar da shi da tazara ƙanƙanuwa. Lokacin na samu takardar ɗan ƙasa, ni na kai maƙwabciyar tawa rumfa a motata, don gwiwa ta hana ta tuƙi.