Dan Allah iyaye mata masu nema da waya daga gida, ku ba ni shawara

Maman Ƴan Biyu:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Ni ina Kano ne, yarana uku, ƴan biyu masu shekara biyar sai ta goye wata takwas. Na yi NCE amma tunda na yi aure ban taɓa fita aiki ba, ko na samu ma ban ga wa zan bar wa jinjira ba. Maigidana malamin makaranta ne, wallahi yana iya bakin ƙoƙarinsa, amma tunda aka cire tallafin mai a 2023 albashin ba ya kai mu ashirin ga wata. Abin da ya fi tsaya min a rai ranar da Hassana ta dawo daga islamiyya ta ce an ce su kawo kuɗin littafi, na zazzage jakata kaf ɗari biyu ce a ciki, haka yarinyar nan ta zauna tana leƙen ƙofa har babanta ya dawo bayan isha'i.

Ina da hannu a girki alhamdulillah, musamman yaji, duk wadda ta zo min barka ko suna sai ta ce in ɗiba mata a leda. Yanzu na kwashi adashi dubu 40, kuma ina ta jin ana cewa Facebook da YouTube suna biyan masu ɗora bidiyon girki har da dala. Shin da gaske ne? In sa kuɗin in canza waya in fara, ko akwai abin da ya fi? Maigida dai ya amince, sharaɗinsa kawai banda nuna fuska.

Anti Mai Kek, Kaduna:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya ne ana biya, amma bari in faɗa miki yadda abin yake dan kar ki sa rai wata biyu ki ga dala. YouTube sai kin tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara ɗaya kafin su fara raba kuɗin talla da ke, bayan nan ma kuɗin ba ya fitowa sai ya cika dala 100, kuma abin da ake biya a kan masu kallo daga nan gida bai kai rabin na masu kallo daga Amurka ko Ingila ba. Facebook ma a 2024 suka buɗe wa ƴan Najeriya, su ma da nasu sharuɗɗan. Ni na fi shekara ina ɗorawa, ga data da aka ƙara wa kuɗi a farkon 2025, ga wuta babu, wani lokacin sai na gama haɗa komai na kunna kyamara yaro ya tsala kuka a sake daga farko.

Inda na fara ganin kuɗi shi ne matan da suke kallo suka riƙa bina ta waya suna cewa Anti ki koya mana, sai na buɗe aji a WhatsApp na kwana biyar, kowa ta biya kafin in saka ta, ina tura bidiyo da murya bayan na kwantar da yara, da safe in duba hotunan abin da suka gwada in gyara musu. Hannuna kawai ake gani da kwano, har yau akasarin ɗalibaina ba su san kamannina ba. Dan haka kar ki taɓa dubu 40 ɗin nan da sunan waya, wadda ke hannunki ta isa, ki goge kyamarar ki ɗauka bakin taga da hantsi.

Hajiya Mai Yaji:

Ƴata ai kin riga kin faɗi sana'arki da bakinki ba ki lura ba. Matan da suke cewa ki ɗiba musu a leda su ne kwastomominki na farko. Shekarata ta bakwai ke nan a kan yaji, da kwano biyu na barkono na fara, kuma da shi na yi wa babbar ƴata kayan kicin.

Kar ki fara da kala goma. Ki ɗauki biyu, na tafarnuwa da na daddawa, in suka karɓu sai ki ƙara na ƙuli da na masu jego. Ki roƙi maigida ya raka ki ko ya je miki kasuwar Kurmi ya auno citta, kanumfari, masoro da kimba, kar ki saya a ƙulle-ƙullen unguwa dan ribar taki a nan za ta tafi. Barkono kuma lokacin kaka ake kama shi da sauƙi, in kin samu hali ki saya ki adana. Ki cire hancinsa tas, ki shanya shi kwana biyu a tabarma har sai kin ji yana ƙaras-ƙaras in kin matsa, dan in da sauran danshi ko kaɗan yajin zai dunƙule ya canza wari, ballantana da damina. Wajen niƙa ki tsaya a kai ko ki aiki mai hankali, a fara zuba ɗan kaɗan a wanke injin da shi a ware gefe, ni akwai ranar da aka niƙa min bayan an niƙa wani abu mai gafi, duka kwano huɗu haka na rabar. Kuma ranar tankaɗe ki kai jinjirar maƙota ko ɗaki ki rufo, ki ɗaure hancinki, barkono ba ya wasa da ƙirjin yaro.

Sai lissafi, nan ne mata da yawa muke faɗuwa. Ki samu littafi ki rubuta komai, kuɗin roba, sitika, niƙa, kuɗin ɗan sahu, har datar da kika sa. Ki raba da yawan robobin da suka fito, sannan ki ɗora ribarki. Uwar kuɗi daban riba daban, ko akawun na biyu ne ki buɗe a Opay ko Moniepoint wanda ba na cefane ba, dan ranar da gas ya ƙare ko yaro ya kwana da zazzaɓi hannunki can zai fara zuwa, kafin ki ankara jari ya zama miya.

Bashi kuwa, hmm. Ba bare ne za su karya ki ba, dangi ne da ƙawaye, Yaya turo min roba uku zuwa Juma'a, Juma'a ta zo ta wuce ke kuma kunya ta hana ki tambaya, ki haɗu da ita a gidan biki ku gaisa kamar ba komai. Ni abin da nake yi, wadda na san ba zan iya bi ba sai in ba ta ƙaramar roba kyauta in ce wannan naki ne, na sayarwa kuma sai da kuɗi hannu. Da farko an yi ta gutsiri tsoma, daga baya kowa ya saba.

Talla kuma sitatus na WhatsApp ya ishe ki a farko, amma ki sani ba mai ganinsa sai wadda kuka adana lambar juna, kuma awa 24 yake ya ɓace, dan haka duk taron suna ko walima ki tafi da ƴan ƙulli na ɗanɗano ki karɓi lambobi. In aka fara oda daga Kaduna ko Abuja sai a kai tashar Unguwa Uku a ba direba, ki karɓi lambarsa ki tura wa mai kaya, kuɗin mota nata ne. Maganar rijistar kasuwanci ta CAC da lambar NAFDAC kuma, ki tambayi ƙa'idarsu tun kafin ki zo sakawa a manyan kantuna.

Abban Sadik:

Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, uwargidana tana sayar da turaren wuta ni nake mata kai kaya shi ya sa. Ƴar uwa abu biyu. Kar ki saki kaya dan an turo miki hoton risit ko saƙon alat, ki buɗe akawun ɗinki ki ga kuɗin sun zauna, an taɓa yi mana haka da kwalba shida muna ji muna gani. Na biyu, da zarar an ga kin fara za a yi ta jefa ki guruf ɗin zuba dubu 10 ki kwashi 20, ko ki biya rijista ki kawo mutum uku. Ƴan damfarar MMM a 2016 da na CBEX a 2025 dukkansu da irin wannan zaƙin bakin suka zo, mutane na kuka har yanzu. Kuma lambar sirri ko lambar da banki ya turo miki ta waya kar ki karanta wa kowa ko ya ce daga bankin yake.

Ummu Hanan:

Ni dai ban goyi bayan a ce ta ajiye bidiyon gaba ɗaya ba. Ta riƙa ɗaukar ɗan gajere tana shanya, tana tankaɗe, tana zubawa a roba, mutane su ga tsaftar da idonsu, shi yake sa wadda ba ta san ki ba ta yarda ta turo kuɗi. In mabiyan sun taru nan gaba falillahil hamdu. Amma dan Allah banda saka yara a ciki.

Maman Ƴan Biyu:

Kai, Allah ya saka muku da alheri, wallahi har na ji ƙwalla. Na karanta wa Abbansu duka jiya da daddare, ya ce ranar Asabar zai je Kurmi, mun tsayar dubu 25 za mu sa a kaya da robobi sauran in ajiye. Na kirga mata goma sha ɗaya da suka taɓa roƙona yaji, su zan fara yi wa magana. Hajiya dan Allah tafarnuwar ɗanya kike dakawa ki shanya ko busasshiya kike saya, kuma kwano ɗaya na barkono kamar ƙananan robobi nawa yake ba ki?