Shin hidimar wasu tana rage wa mai ciwon kai na kullum raɗaɗi?

Maman Hafsa, Agege:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu ilimin lafiya ce, da kuma waɗanda suka san ciwon kai a jikinsu. Na daɗe ina fama da ciwon ɓarin kai, har ta kai ranakun da nake tashi da shi a wata sun fi waɗanda nake tashi garau yawa, kuma likita ya duba ni, an ɗauki hoton kai, ba a ga wani abin tsoro ba. Abin da na lura da shi shi ne, duk ranar da na je dubiyar wata tsohuwa maƙwabciyarmu wadda ba ta da kowa a Legas, na girka mata abinci, na wanke mata 'yan tufafinta, ciwon yana nan, amma ba ya kayar da ni kamar yadda yake yi idan na kwanta a ɗaki ni kaɗai. Maigidana yana ganin wahalar da kaina nake yi, yana cewa mai ciwo hutu ya kamace shi. Shin akwai gaskiya a abin da nake ji, ko kuwa zuciyata ce take yaudarata?

Abu Safwan, ma'aikacin jinya, Idi-Araba:

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba ki lafiya. A wurin likitoci, ciwon kan da yake zuwa kwana 15 ko fiye a wata, har ya wuce wata 3 a haka, shi ake kira mai daɗewa, kuma da alama naki ya shiga wannan sahu.

Zuciyarki ba ta yaudare ki ba. Tun a 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa saƙon raɗaɗi ba ya isa ƙwaƙwalwa kai tsaye yadda ya taso, domin akwai inda ake tace shi a hanya, kuma ita kanta ƙwaƙwalwar tana iya ƙara masa ƙarfi ko ta rage. Tsoro, kaɗaici da yawan sauraron ciwo suna cikin abubuwan da suke ƙara shi. Mutumin da ya kwanta a ɗaki yana jiran bugun jijiyar kansa ya tattara hankalinsa duka a wuri guda, alhali wadda take lura kada tuwon tsohuwa ya yi gudaji ta raba hankalin nata biyu.

Sai dai lamarin ya wuce ɗauke hankali kawai. A 2020 masu bincike na Jami'ar Peking da ke ƙasar Sin sun wallafa cewa waɗanda suka ba da jini kyauta bayan girgizar ƙasa sun ji zafin allura ƙasa da waɗanda aka ɗebi jininsu don gwaji, sannan masu ciwon daji da aka ba ƙananan ayyukan da za su yi wa abokan jinyarsu sun samu sassauci fiye da waɗanda suka yi wa kansu irin aikin. Gwargwadon yadda mutum ya ga aikin yana da ma'ana, gwargwadon sauƙin da ya samu. Binciken bai keɓanta da ciwon kai ba, amma ya yi daidai da abin da kika faɗa, wato ciwon bai tafi ba, ikon da yake da shi a kanki ne ya ragu.

Ummu Khalil, Mile 12:

Malam, ban musa abin da ka kawo ba, amma ina tsoron kada wata ta karanta ta ɗauka cewa duk mai jinyar wani ciwon kansa zai yi sauƙi. Ni nake kula da mahaifiyata tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni nake juya ta cikin dare, ni nake kai ta asibiti cikin cunkoson titin Ikorodu, kuma tun daga lokacin nawa ciwon ƙaruwa ya yi. Barci ba ya isata, abinci sai na tuna, ga ƙarar janareta har asuba. Yaya Maman Hafsa tana zuwa wurin tsohuwar ne da ƙafarta, ta dawo lokacin da ta ga dama, kuma ranar da jikinta ya ƙi babu wanda zai tuhume ta. Wannan dabam yake da hidimar da ta hau kan mutum babu mai karɓarsa. Don haka maigidanta ma yana da tasa gaskiyar, domin idan dubiyar ta koma wajibin kullum, abin da yake sassauta mata yau shi zai riƙa tayar mata da ciwon.

Baba Mai Goro, Alaba Rago:

'Ya'yana, dukkanku kun faɗi gaskiya. A gida Arewa mai ciwo ba ya rasa masu shigowa gaishe shi, amma a nan kowa ya fita tun asuba ba ya dawowa sai dare, shi ya sa ciwo yake samun mutum shi kaɗai. Dubiyar mara lafiya haƙƙi ce a addini, kuma mai zuwa ma yana samun abokin magana. Ke kuma Ummu Khalil, ki kira 'yan'uwanki ku raba kwanakin jinyar nan, ko matan unguwa su riƙa karɓarki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu Safwan, ma'aikacin jinya, Idi-Araba:

Gyaran Hajiya Ummu Khalil yana kan hanya, domin rashin barci, tsallake abinci, ƙarancin shan ruwa da gajiya suna cikin sanannun abubuwan da suke tayar da ciwon ɓarin kai, kuma mai jinya yakan haɗa su duka. Hidimar da take taimako ita ce wadda mutum ya zaɓa, mai iyaka, wadda ba ta cinye masa barci da lokacin cin abinci ba. Ranar da ciwon ya taso da ƙarfi, da tashin zuciya da ƙin haske, ɗaki mai duhu ya fi dacewa da ke, Maman Hafsa, tsohuwar kuma a aika mata da abincin.

Akwai wani abu da nake so ku biyun ku duba, wato yawan ƙwayoyin da kuke sha. Shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko haɗaɗɗun magungunan ciwo da masu ƙarfi irin su tiramadol kwana 10 ko fiye, yana iya zama shi kansa sanadin ciwon kai na kullum, kuma mutane da yawa da suke saye a kemis ba su san haka ba. Ku riƙa rubuta ranakun ciwo, da abin da kuka sha, da yadda kuka yi barci, har da ranakun da kuka fita hidima, ku kai wa likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa na LUTH da ke nan Idi-Araba ko na LASUTH da ke Ikeja. Akwai magungunan rigakafi, irin su amitriptyline da propranolol, waɗanda likita ne kaɗai zai tantance wanda ya dace da mutum bayan ya auna jininsa ya ji tarihinsa. Idan kuwa ciwon ya sauko farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko raunin hannu da ƙafa, ko karkacewar baki, ko ya kama mace mai ciki tare da kumburi da dishi-dishin gani, a tafi sashen gaggawa nan take.