Corolla 2005 ta daina ja kamar da: a cire indomi ko a taɓa ƙwaƙwalwar injin?

Direban Zariya:
Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 'yar Amurka, mai injin lita 1.8 da giya otomatik, wadda nake zirga-zirga da ita tsakanin Kano da Zariya. A 'yan watannin nan ƙarfinta ya ragu, domin idan na taka totur zan wuce tirela sai ta yi jinkiri kafin ta amsa, ga shan mai ya ƙaru. Bakanikena ya ce a cire indomin salansa, wato matatar da ke tace gubar hayaƙi, wani kuma ya ce a sauya lissafin ƙwaƙwalwar injin, wato na'urar da ke sarrafa aikinsa, da kwamfuta. Tamostat kuwa, wato abin da ke daidaita zafin ruwan injin, tun da na saye ta aka cire shi, aka haɗa fanka kai tsaye. Da wanne ya kamata in fara?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da abin da ka ambata a ƙarshe. Ƙwaƙwalwar injin tana duba zafin ruwan lagireto kafin ta ƙayyade yawan man da za ta fesa, kuma muddin ta ga injin bai yi zafin aiki ba, za ta ci gaba da ƙara fetur kamar yadda take yi da sanyin safiya, maimakon ta tsaya a kan ma'aunin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Wannan rarar man ita ce ke baƙanta fulogi, ta tsinka baƙin mai, sannan ta je ta ƙone a cikin indomin da ake zargi. Tamostat na injin motarka, wato 1ZZ-FE, yana buɗewa a wajen digiri 82, kuma zafin Kano ba hujja ba ne na cire shi idan lagireto da fanka suna da lafiya. Ka mayar da shi, a gyara wayar fanka.

Bayan haka a jona na'urar bincike, tunda duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin jona ta. Idan lambar P0171 ta fito, wadda ke nuna iska ta yi wa fetur yawa, a duba sensar auna iska da ke bayan filta, wadda ƙurar hunturu ke lulluɓewa, da kuma gaskit ɗin bututun shigar iska, wanda ya saba yoyo a wannan ƙirar.

Mai Lantarkin Mota:
Na yarda da Baba, sai dai ba zan wanke indomi daga zargi gaba ɗaya ba, domin idan ya narke ya toshe, lallai yana shaƙe injin, kuma alamarsa ita ce mota ta tashi lafiya amma ta kasa gudu a kan titi. Ana tabbatar da hakan ta auna matsin hayaƙi a ramin sensar da ke kan salansa kafin indomin, ba da zato ba. Idan ya toshe a sa wani. Idan aka fasa shi aka bar bututun wofi, lambar P0420, mai nuna indomi ba ya aiki, za ta kunna fitilar gargaɗi dindindin, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka gane ba. Yana da kyau kuma ka san cewa akwai ma'adanai masu tsada a cikinsa, irin su filatinam, shi ya sa wasu ke saurin ba da shawarar cire shi.

Sauya lissafin ƙwaƙwalwa yana da tasiri sosai a injin mai tabo (turbo), wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin. Naka ba shi da tabo, ƙarfinsa kusan doki 130 ne, abin da za a ƙaro bai taka kara ya karya ba.

Direban Zariya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baƙin man da ake zuba min 20W-50 ne. Shin yana da hannu a ciki?

Tsohon Bakanike:
Yana iya kasancewa. Toyota 5W-30 ta rubuta wa wannan injin, wanda bai kai 20W-50 kauri ba, kuma tsarin VVT-i da ke sauya lokacin buɗewar bawul da matsin baƙin mai yake aiki, don haka mai kauri yana jinkirta shi, musamman kafin injin ya ɗumama. Idan ka koma 5W-30, ka riƙa duba sandar awo kowane mako da farko, domin tsohon injin yana iya rage shi.