Masu ciwon suga da ke tura wa likita lissafin taku: me kuka gani?

Sabuwar mamba: Assalamu alaikum. Likitata ta ce in bar wayata tana ƙirga takun da nake yi, in riƙa tura mata lissafin duk ƙarshen mako tare da awon suga. Kwanana goma da farawa, amma hankalina bai kwanta ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba ni labari.

Tsohon direba: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Da can zan iya rantsuwa ina yawan tafiya, sai waya ta tona min asiri, akwai ranar da ko taku 2,000 ban kai ba. Da muka jera lissafin kusa da awon suga, abin ya fito fili: duk daren da na taka na minti 15 bayan cin abinci, sugan ba ya hawa irin na sauran ranaku. Likita ya ce tsoka ce ke janye suga daga jini idan tana aiki.

Maman biyu: A dai bi a hankali. Ina shan maganin suga mai suna glibenclamide, sai zumuɗi ya kwashe ni na ninka tafiyata cikin mako guda. Ranar nan ina cikin tafiya gumi ya karyo min, hannuna na rawa, na zauna a gefen hanya na auna, 62. Duk abin da ya yi ƙasa da 70 faɗuwar suga ce. Lissafin takun ne ya nuna wa likita dalili, ya rage min maganin. Masu allurar insulin su ma su kula.

Malamin lissafi: Hajiya, sannu. Kada taku 10,000 ɗin nan da ake cewa a yi kullum ya ɗaga wa kowa hankali, asalinsa tallar na'urar ƙirga taku ce a Japan a shekarun 1960. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki a mako ta ce, aƙalla. Kuma wayar da aka bari kan tebur ba ta ƙirga komai. Ni dai na kashe wa manhajar izinin ganin wurin da nake. Yawan taku likita ke buƙata, ina ruwansa da layin da na bi?

'Yar Baba: Ni lissafin mahaifina ne ke shigowa wayata. Kwana uku a jere na ga takunsa ya yi ƙasa, ya ce gajiya ce kawai. Da na cire masa safa, ashe gyambo ne a ƙasan babban yatsa, bai ji zafinsa ba saboda sugan ya taɓa masa jijiyoyin ƙafa. A ranar muka tafi asibiti.

Sabuwar mamba: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Malam, ta ina ake kashe izinin nan?