Batir sabo ne, amma in mota ta kwana biyu ba ta tashi: wa ya taɓa fuskantar wannan?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da na sa wa motata sabon batir, amma in ta kwana biyu a ajiye, ina murɗa makulli sai in ji ƙat-ƙat-ƙat, fitilun dashbod su yi dishi-dishi, inji ko motsi. Da an jona mini da batirin wata motar sai ta tashi, in yini ina yawo lafiya lau. Na mayar da batirin an gwada, an ce ƙalau yake. Abin ya ishe ni, domin sau uku yara suna makara a dalilinsa. Don Allah wanda ya sha irin wannan ya faɗa mini abin da aka gano a tasa motar.

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Malam, tawa fitilar but ce. Makunninta ya lalace, ko an rufe but ɗin ba ta mutuwa, kuma ba yadda za ka gani daga waje. Wani abokina ya ce in kunna bidiyo a wayata, in ajiye ta ciki, in rufe. Da na buɗe na kalla, daga farko har ƙarshe haske ne tar. Ƙwan wat 5 ne kawai, amma yana jan kusan amfiya 0.4 dare da rana. Ka lissafa kwana uku, awa 72: ya shanye kusan rabin batir mai ƙarfin amfiya-awa 60. Ka duba ta but, ka duba ta aljihun gaba.

Maman Ummi:
Ni kuwa tawa ba shan wuta ba ne, kodayake alamun iri ɗaya ne da naka. Rediyo na yi, fitilu na kamawa, amma kik ya ƙi juyawa. Har na yanke shawarar sayen wani batirin, sai ƙanena ya ɗaga bonet ya nuna mini kan batir. Wani farin gari mai ratsin kore ya taru a kai, kuma da ya kama wayar da hannu sai ta juya, ashe ba a ɗaure ta da kyau ba. Ya ce rediyo 'yar wuta kaɗan take buƙata, shi ya sa take samu, amma kik yana jan sama da amfiya 100 a lokaci guda, ba za ta wuce ta cikin wannan dattin ba. Ya kwance, ya wanke da ruwan zafi da burushin ƙarfe, ya ɗaure tamau. Shekara guda ke nan ban sake ji ba.

Tsohon Riwaya:
Baban Yara, Allah ya sawwaƙe. Abin da ke ba ni takaici a wannan sana'a shi ne yadda ake canza kaya kafin a auna. Batir rumbu ne kawai. Ko dai ba a cika shi, ko ana ɗiba a ɓoye, kuma mita ce za ta raba gardama.

Mota a kashe, bayan ta huta, cikakken batir yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka, domin ɗaki shida ne a cikinsa, kowanne kimanin 2.1. In ka ga 12.2, ya kai rabi. Ka tada inji ka sake aunawa: ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.5. In bai hau ba, altaneta, wato na'urar da ke cika batir in inji yana aiki, ba ta caji, ko fambel ya saki.

In caji yana da kyau, sai a nemi ɓarawon. A cire wayar baƙin kai, wato mai alamar ɗebewa, a sa mita tsakaninta da batir a ma'aunin amfiya. A rufe komai, a jira rabin awa ko fiye, saboda kwamfutocin mota ba sa barci nan take. Mota mai lafiya ba ta wuce miliamfiya 50, wato amfiya 0.05. In ta wuce, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Kada a kuskura a murɗa kik mita tana jone haka, za ta ƙone.

Akwai motar da ta taɓa wahalar da ni. Na zare fis duka, mita tana nan a kan amfiya 2. Na tsaya ina tunani, sai na ɗora hannu a kan altaneta. Inji ya kwana, ƙarfe ko'ina sanyi ƙalau, ita kaɗai ke da ɗumi. Altaneta wuta mai kai-da-komo take samarwa, sai wasu ƙananan dayod su miƙar da ita hanya ɗaya zuwa batir. Ɗaya ya fashe, ƙofar da ya kamata ta buɗe gefe guda ta koma tana buɗewa ta baya. Da rana tana caji, da dare tana tsotse abin da ta zuba. Mai motar batir biyu ya saya kafin ya zo wurina.

Ɗan Hanya:
Ni yadda na saba gwada altaneta, ina tada mota in cire kan batir. In inji bai mutu ba, ai tana aiki. Ba sai an nemi mita ba.

Abu Sadik:
Ɗan'uwa, don Allah ka daina, kuma kada kowa ya gwada. Haka wani mai gyara ya yi wa motata a gabana. Yana zare wayar fitilu suka yi wani irin haske, inji ya yi tari ya mutu, bai sake tashi ba. Kwamfutar injin ce ta ƙone. Daga baya aka yi mini bayani cewa batir ne ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke turowa, in ka cire shi ana cikin aiki sai wutar ta yi tsalle ta faɗa kan na'urori. A tsofaffin motoci marasa kwamfuta an sha yin haka an tsira, amma motar yanzu ba ta ɗauka. Sati uku na yi ba mota.

Ɗan Hanya:
Na gode, Yallaɓai. Wallahi ban san haka ba, motar da na koya a kanta tsohuwa ce.

Malamin Kimiyya:
Tawa ni na jawo ta da hannuna. Akwai soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tun 1996, inda ake jona na'urar karanta matsala. Na sayi wata 'yar ƙarama mai haɗuwa da waya, na bar ta a jone. Ashe rami na 16 yana da wuta ko an zare makulli. Abin da ya fi muni, na'urar tana ta aika saƙo a layin da kwamfutocin mota ke magana da juna, wanda ake kira CAN, kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Duk wadda ta fara barci sai a tashe ta. Kwana huɗu batir ya ƙare. Har lambar P0562 ta fito, wadda ke nufin wuta ta yi ƙasa. Ina zare ta matsalar ta wuce. Baban Yara, akwai abin da aka ƙara wa motarka bayan ka saye ta?

Baban Yara:
Malam, tambayarka ce ta buɗe mini ido. An sa mini amfilifaya a but kafin in canza batir. Yau muka bi matakan da Baba Riwaya ya zayyana. Caji 14.1, lafiya. Da muka kashe muka jira, mita ta tsaya a amfiya 0.6. Fis ɗin motar duk ba su canza komai ba, sai da muka cire wanda ke kan jar wayar amfilifayar, nan take ta faɗo zuwa miliamfiya 30. Siririyar wayar da ya kamata ta kunna ta sai rediyo ya kama, an jona ta a layin da ba ya mutuwa. An mayar da ita inda ya dace. Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, batirin nan da ya mutu sau da yawa, zai ƙara amfani kuwa?

Tsohon Riwaya:
Madalla, ɗana. Irin wannan batir ba ya son a ƙarar da shi ƙarƙaf, kowane mutuwa yana rage masa ƙarfi, amma wata biyu bai yi nisa ba. Kada ka dogara da gajeriyar tafiya ta cika shi. Ka sa shi a caja mai tafiya a hankali ya kwana, ka cire, ka bar shi ya huta wasu awoyi, sannan ka auna. In ya riƙe 12.5 zuwa sama, ci gaba da amfani da shi. In ya sauko kusa da 12.2 ba tare da an jona masa komai ba, ka kai a gwada shi da nauyi.