Saint-Étienne ko gidan kawu a Lyon? Ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Na samu gurbin master a Jami'ar Jean Monnet ta Saint-Étienne, amma kawuna da ke Lyon ya ce in zauna gidansa in riƙa zuwa ta jirgin ƙasa. Ni kuwa Saint-Étienne nake so. Marigayi mahaifinmu ɗan Les Verts ne na a mutu, wato ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saint-Étienne, a Maraɗi da rediyonsa a kunne yake ba mu labarin Salif Keita ɗan Mali, da wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 1976 da Bayern ta ci su 1-0 a Glasgow. Rigarsa kore tana cikin akwatina. Kwana uku ban yi barci ba, ina tsoron ɓata wa kawu rai.

Ɗan Zinder a Lyon: Ƙanena, bi kawunka. Garin ma'adinin kwal ne, ramin Couriot an rufe shi tun 1973, yanzu gidan tarihi ne. Masana'antar Manufrance ta tafi, aiki ya yi ƙaranci. Jirgi bai kai awa ɗaya ba. Ƙwallo ba ta biyan haya.

Wata ɗaliba: Haya a Saint-Étienne ta fi ta Lyon sauƙi nesa ba kusa ba, ga babban masallaci. Ni na zauna gidan dangi shekara guda, na zama mai reno da wanke-wanke, karatuna ya sha wuya. Har yau ba ma magana sosai.

Ɗan Zinder a Lyon: Ƙanwata, wannan gidanku ne. Shekarata goma a nan, na san abin da nake faɗa. Kofin Les Verts na ƙarshe a lig tun 1981 ne ma.

Mai tambaya: Yaya, kofi 10 ba wasa ba ne. Kuma garin da aka fara shimfiɗa layin dogo a Faransa a 1827, mai makarantar injiniyoyi ta École des Mines tun 1816, bai mutu ba. So nake in shiga filin Geoffroy-Guichard da rigar baba.

Wani dattijo: Ɗana, duk ba ka ce komai kan biza ba. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi a farkon 2024. Ina za ka nema? Kuma wa zai biya kuɗin ɗaki?

Mai tambaya: Baba, wannan ana kai. Ni dai yadda zan faɗa wa kawu ne ya dame ni.