Yawan fitsarin dare ga dattawa: wa ya taɓa kai nasa asibiti?

Baban Yusra: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya haura shekara 65, fitsari ya hana shi barcin dare. In ya shiga bayi sai ya daɗe a tsugune yana yunƙuri, fitsarin ya fito kaɗan-kaɗan. Abin da ya fi damunsa ɗigon da ke ɓata masa wando bayan ya yi alwala. Shi dai cewa yake tsufa ne. Don Allah wanda ya ga irin wannan ya ba mu labari.

Maman Sadik: Wa'alaikumus salam. Kada ku jira, ɗan uwa. Haka maigidana ya yi ta jurewa yana shan jiƙe-jiƙe, har ranar da ya sha maganin mura fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya. Mararsa ta kumbura, ta yi tauri, yana ta haɗa gumi. Da tsakar dare muka kai shi, aka sa masa robar fitar da fitsari. Likita ya ce furostet ɗinsa ce, wata tsoka da ke ƙasan mafitsarar maza, ta girma ta matse hanyar fitsari, kuma wasu magungunan mura suna ƙara toshe ta.

Alhaji na Sabon Gari: Ni kaina ne mai ciwon. Kunyar gwajin yatsa ta dubura ce ke korar mutane, alhali bai kai minti ɗaya ba. An ɗebi jinina don auna PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa, aka yi hoton mara. Tamsulosin aka ba ni, cikin 'yan kwanaki na ga sauƙi, sai dai yana sa jiri in na miƙe da sauri. Shayin bayan isha'i ma na bari.

Nas Hauwa: Allah ya ƙara lafiya, Alhaji. Hauhawar PSA ba lallai ciwon daji ba ne, ko ƙwayar cuta a mafitsara tana ɗaga shi. Mai shan finasteride, maganin rage girman furostet, kuma ya faɗa wa likita, domin yana rage PSA kusan rabi. Dajin furostet kan fara ba tare da wata alama ba, kuma ya fi kama baƙar fata, shi ya sa ake so a fara tuntuɓar likita tun shekara 45.

Ɗan Maraɗi: Kawuna magani bai yi masa ba, aiki aka yi. Ba a yanka ciki ba, ta hanyar fitsarin aka shiga aka kankare naman. Likita ya sanar da shi tun farko cewa maniyyi zai iya komawa cikin mafitsara, ya kuma amince. Yanzu sai kiran assalatu ke tada shi.